Wurin da Jummare Ta Nema wa Taha

Duk yaron da ya tashi a bayan kasuwar amfanin gona ta Gadarif, a gabashin Sudan, ya san Jummare gola ce. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta taɓa buga ƙwallo ba tunda uwarta ta haife ta, in ma ƙwallon ya faɗo mata cikin gida sai an sha roƙo kafin ta mayar. Amma a talabijin ɗin da ke rakubar ƙofar gidanta, wato rumfar karan da yara ke taruwa, ita ke tsaron raga, doguwa, mai faffaɗan ƙirji, har da ɗan gemu. Ɗanta Taha ne ya yi mata wannan aika-aika.

A Hawata aka haife ta, bakin kogin Rahad, inda kakanninta suka yada zango a hanyarsu ta Makka, zangon kuma ya zama gida. Tun tana budurwa take bin ayarin masu yankan riɗi zuwa Fashaga, in an gama a gangara Doka yankan dawa. A bayan lori ta haɗu da Hamid, yaron mota mai surutun tsiya. Suka yi aure suka zauna Gadarif, shi ya zama direba, ita ta kama suyar gyaɗa. Allah ya ba su Hiba da Taha, sannan ya karɓi Hamid da zazzaɓin wata damina. Jummare ba mai yawan kuka ba ce. Ta gyara tobinta, wato lulluɓinta, ta koma bakin kasko.

Taha ya gaji bakin ubansa da rashin zama wuri ɗaya. Da dakon buhuna ya tara abin da ya sayi tsohuwar bilesteshin, na'urar wasan nan da ake haɗawa da talabijin, ya kafa rakuba, yaran unguwa suna zuwa suna biya suna bugawa. Dattawan da ke sa ido kan tarbiyyar unguwa a wancan zamani suka zo suka leƙa, suka gindaya sharaɗi cewa a riƙa kashewa lokacin salla. Ba su san sun ba Jummare muƙami ba ne. Ladan na cewa Allahu Akbar za ta fito ta zare waya, ko da kuwa fenariti ake shirin bugawa.

A cikin wasan ƙwallon akwai wurin da mutum zai ƙera 'yan wasansa, ya zaɓar musu fuska da suna. Wata damina da laka ta kashe kasuwa, Taha ya zauna ya ƙera gidansu kaf. Ya sa marigayi Hamid kyaftin, da sanƙonsa da komai. Hiba ya sa ta buga gefen fili, wai ba wanda ya kai ta gudu in an ambaci wanke-wanke. Ya sa amininsa Mato, ya sa Kawu Rufa'i, har mai jakin da ke kawo musu ruwa ya samu riga. Wasan ba shi da mata, shi ya sa uwarsa ta tashi da gemu. Da ta tambaye shi dalilin sa ta a raga, sai ya ce ai ba abin da ke wuce ta. Ta bi shi da ludayi har bakin titi. Amma daga baya takan leƙo, kuma duk ranar da Hamid na cikin talabijin ya ci ƙwallo sai ta kau da kai, ta ce hayaƙin kasko ne ya shigar mata ido.

Bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle, kaya suka yi tsada, samarin gari suka fara tafiya arewa haƙar zinari. Taha ya bi su. Da farko yakan hau wani dutse ya kira, ya yi ta zuba har kuɗin wayar su ƙare. Sannu a hankali kiran ya ja baya. Na ƙarshe ya ce za su ƙara gaba, inda ake samu da yawa. Tun daga nan, in an kira lambarsa wata mata ce ke amsawa da Larabci, ta ce ba a samun mai wannan layi. Ba labarin mutuwa, ba na rai. Jummare ta tsani muryar matar nan fiye da ciwon gwiwarta.

Hiba ce ta ci gaba da riƙe rakubar. Sai dai wasanni sun canja, sababbin sun fi na da girma, na'urar kuma ta ce cikinta ya cika. Yara suka fara zamewa zuwa wani sabon shago kusa da tasha. Hiba ta ce abu biyu ne, ko a goge tsohon wasan ƙwallon, wanda ƙungiyar Taha ke ciki, ko a sa babban hardi. Ta kira Mato, wanda yanzu ke gyaran wayoyi a kasuwa, ya zo ya yi wa tsohuwa bayani. Ya ce hardi shi ne ma'ajiyar da ke cikin na'urar, kamar madmura, ramin da manoma ke binne dawa. Za a haƙa babba ne kawai a kwashe a zuba.

Da ya sani da bai kawo wannan misali ba. Jummare ta kwashe madmura da hannunta fiye da yadda zai iya tunani, kuma ba ta taɓa ganin an sauya wa dawa rami ba tare da ƙasa ta ci rabonta ba. Wa ya san wanda zai zube a hanya? Ta ce ba mai buɗe cikin abin nan sai mai shi ya dawo. Hiba ta yi magiya, ta yi fushi, ta haƙura. Rakuba ta koma wurin kwanan awaki da yara ƙalilan da ba su da kuɗin zuwa tasha.

Wata la'asar, da yake ba kowa, Jummare ta ja kujera ta zauna sosai a gaban talabijin, ta ce Hiba ta kunna mata mutanenta. 'Yan wasa suka fito suka jera kafin a take wasa, ana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ga Hamid, ga Rufa'i, ga mai jaki, ga ita da gemunta. Layi ya ƙare. Ta ce a sake. Aka sake, ya ƙare a inda ya ƙare ɗazu.

"Ina Taha?"

"Bai sa kansa ba, Yumma," Hiba ta ce wa uwarta. "Ai shi ke riƙe da hannun wasan."

Duk shekarun nan ba ta lura ba, domin kullum yana zaune a gabanta, ƙeyarsa na tare mata rabin talabijin. Ta tuna yaron da in baƙi sun sauka yakan ba da tabarmarsa ya kwana kan buhu. Nan ta yanke hukunci ita kaɗai, cewa wuri ne ya ƙare, ya zuba kowa ya bar kansa a waje. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ita da ta hana a faɗaɗa ramin, ashe ɗanta ta bari a rana.

Da safe ta ja gwiwarta har kasuwa. Ta ce wa Mato ya kawo babban hardin nan, mafi girman da yake da shi, don a samar wa Taha wuri. Mato ya san ƙara ɗan wasa ɗaya ba ya bukatar wani sabon hardi. Ya buɗe baki zai faɗa, ya dubi fuskarta, ya mayar da bakinsa.

"Tamam, Inna," ya ce. "Ma fi mushkila, ba damuwa. Zai samu wuri."

A gabanta ya yi aikin, don ta ce ba za a kai ko'ina ba. Ya fara kwafe komai a wani ɗan abin ajiya, ta karɓe ta ƙulle a bakin tobinta. Ya kwance ƙusa ya zaro tsohon hardin, sai ga shi bai fi sabulun wanka ba, ta yi ta juya shi tana mamakin yadda Hamid ya shiga ciki. Da aka sa sabon aka kunna, talabijin ya nuna wayam, ba kowa. Mato ya lallaɓa ta ta kwance ƙullin, ya mayar da abin da ya kwafe, suka zauna jira, gyaɗa na ƙonewa a kasko ba wanda ya kula. Can sai ga sanƙon Hamid. Ta duba su ɗaya ɗaya, ba wanda ya zube. Tsohon hardin kuma ta naɗe shi a tsumma ta kai ɗaki, inda take ajiye iri.

Sannan aka zo ƙera Taha, aka kuwa sha rigima. Mato ya zaɓi hanci ta ce ya yi faɗi, ya rage ta ce yanzu na Rufa'i ne. Hiba ta ce ya fi haka duhu, tsohuwa ta ce ƙarya ne, zafin ranar kasuwa ne ya dafa shi. Ta sa aka buɗe kunnuwan, aka ɗaga gira ɗaya sama. Tana cikin faɗan tabon haɓarsa da wasan ya rasa, sai ta bar faɗan, don wanda ke kallonta daga talabijin ya fara zama shi. Hiba ta tashi ta shige gida.

Mato ya jira Jummare ta share fuska. Ya cire mai jaki ya kai shi benci, sannan ya tambaya a hankali.

"Gaba zan sa shi, ko Inna? Can yake so, shi da cin ƙwallo."

Jummare ta daɗe tana duban filin. Daga raga zuwa gaba akwai tafiya.

"A'a," ta ce. "Sa shi a baya, nan kusa da ni. Nisan da ya yi ya isa."