Littafin Munshi Lalta

Shekara talatin da ɗaya Munshi Lalta Prasad ya yi yana zama a kujera guda, can ƙuryar zauren majalisar jami'armu, kusa da ƙofar da ake shigo da shayi. Aikinsa ɗaukar bayanin taro, shi ya sa ake ce masa Munshi, wato akawu, ko Munshiji don girmamawa. Furofesoshi su yi ta kumfar baki, shi kuwa kansa a sunkuye, fensir na gudu a kan littafi da rubutun gaggawa, irin na ƙugiya-ƙugiya da ɗigo-ɗigo ɗin nan da ya koya wurin mahaifinsa, akawun kotu. Washegari ya buga komai dalla-dalla, ya sa haruffan sunansa uku a ƙasa, ya huda kusurwar takardun, ya ɗaure da jan zare, ya kai wa magatakarda. A wurinmu, abin da bai shiga wannan ɗaurin ba, to ba a faɗe shi ba, ko da mutum sittin sun ji da kunnensu.

Siririn mutum ne, mai tsantseni har ya yi yawa. Ko samosar taro ba ya ci, wai kada maiƙo ya taɓa takarda. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: bai taɓa ƙara kalma ba, bai taɓa rage kalma ba. Abokan aiki kan zolaye shi, su ce, "Munshiji, atishawar shugaba fa, ka rubuta?" Sai ya ce, "Sau biyu. Shafi na tara." Doka ta ce a ƙone littattafan fensir da zarar majalisa ta amince da bugagge, amma shi bai taɓa ƙone ko ɗaya ba. Suna cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gadon matarsa Kusumlata, wadda ɓarin jikinta ya shanye shekara shida da suka wuce. Saboda ita aka ba su ɗaki a hawa na ƙasa a gidajen ma'aikata.

Sai aka kawo mana sabon shugaba daga babban birnin jiha, mutum mai son a gama taro kafin shayi ya huce. Ranar da abin ya faru, batu na goma sha huɗu shi ne cire wani kashi daga manhajar adabi: rubuce-rubucen masu shara da majema, mutanen da kakanninmu ba sa yarda ko inuwarsu ta taɓa su. Shekara goma sha biyar ana koyar da su. Shugaba ya karanta a gurguje, ya ce ai babu mai ja, ya juya shafi.

Dakta Sunanda Kureel ta miƙe. Ƙaramar malama ce, 'yar majemi, kuma ita ke koyar da kashin. Ta ce ba a tuntuɓi sashenta ba, ba a kaɗa ƙuri'a ba, kuma rabin ɗalibanta a waɗannan shafukan kaɗai suke ganin irin gidan da suka fito. Ta nemi a rubuta cewa ba ta yarda ba. Tana cikin magana aka kashe mata na'urar magana, ta ci gaba da muryarta. Minti huɗu ta yi, Lalta bai bar ko kalma ba.

Washegari magatakarda Awasthi ya kira shi, ya nuna masa kujera, ya sa aka kawo masa shayi. Tun da Lalta ya fara aiki bai taɓa zama a ofishin nan ba. Awasthi ya tambayi jikin mai ɗakinsa. Ya ce wani sabon furofesa ya matsa a ba shi ɗakin nan na ƙasa, a mayar da su hawa na uku, amma shi ya ce haba, a ɗauki mara lafiya a baya ana hawan bene? Yana wannan maganar yana jan layi a kan shafi ɗaya da rabi na bayanin taron, inda maganar Sunanda take. A gefe ya rubuta: an amince baki ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ta yi magana," in ji Lalta.

"Wa ya ce ba ta yi ba? Sha shayinka, Munshiji."

Ya buga yadda aka ce, ya sa haruffansa uku, ya ɗaure da jan zare. Wallahi hannunsa ko rawa bai yi ba, kuma wannan ne ya fi ba shi kunya daga baya. Ranar da majalisa ta amince da bayanin, an tura Sunanda duba jarrabawa a wani gari.

Ita kuwa ba ta iya shiru ba. Ɗalibai suka tambaye ta ina kashinsu, ta faɗa musu gaskiya: an cire, ta ƙi yarda, ba a saurare ta ba. Maganar ta kai jarida. Aka dakatar da ita bisa zargin yi wa majalisa ƙage, aka kafa kwamitin bincike. Wa zai ɗauki bayanin kwamitin? Lalta mana. Ya zauna yana rubuta yadda furofesoshi ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi dai bai tuna ba. Wani ya ce lokacin ya fita kama ruwa. Har mutum tara suka fita kama ruwa a minti huɗun nan.

A zama na uku abin ya fi ƙarfinsa. Ya ajiye fensir, ya miƙe, ya ciro littafin daga jakarsa, ya ce ga maganarta nan kalma-kalma. Ya san ɗakin ƙasa ya tafi ke nan. Shugaban kwamitin, Furofesa Bajpai, ya karɓi littafin, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya miƙa wa na kusa da shi. Aka yi cigiya a duk jami'ar, ba a sami mai iya karanta wannan rubutu ba. Masu iyawar duk sun yi ritaya ko sun mutu.

"Munshiji," in ji Bajpai cikin tausayi, "wanne za mu ɗauka? Zanen da kai kaɗai kake karantawa, ko takardar da ka sa wa hannu? Waɗannan haruffan ba naka ba ne?"

Nasa ne. Ya koma ya zauna, ya rubuta tambayar, ya rubuta amsar da ya bayar. Shi ya buga takardar korarta. Ɗakin ma ba a karɓe ba. Ba wanda ya ga ya isa a hukunta shi.

Ranar tafiyarta ya tarar da ita a bakin ƙofar jami'a, an loda kwalayen littattafanta a keken haya mai ƙafa uku. Ya so ya wuce, ta kira shi. Ta ce mutane sun yi ta cewa ba su ji ba, har ita kanta ta fara shakkar ko ta yi maganar. Ta roƙe shi ya karanta mata.

Ya buɗe littafin a tsaye cikin rana, yana bin ƙugiyoyin da yatsa, ya karanta tun daga farko. Ta saurara idonta a rufe.

"Har da inda aka kashe na'urar?" ta tambaya.

"Har da shi, 'yata. Ban bar komai ba."

Ta jinjina kai, ta hau keken, ta gyara mayafinta.

"Ka iya aiki, Munshiji," in ji ta. "Da ma ka buga shi."

Ya tsaya har keken ya sha kwana. Sannan ya mayar da littafin jaka, ya juya, don akwai taro ƙarfe uku kuma bai fiƙe fensir ba.