Ganyen Dogonyaro a Ƙofar Ɗaki

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Da rana ina dama wa 'yata Ladi kunu a ƙauyenmu, gefen dajin Kamuku. Shekararta huɗu. Ƙyanda ta yi mata sati uku, ta cinye ta ƙarƙaf. Ƙurajen sun bushe, amma tari ya sauka ƙirji. In ta ja numfashi sai haƙarƙarinta ya lotsa. Surukata ta rataya ganyen dogonyaro a ƙofar ɗakina, alamar akwai mai ƙyanda a ciki. Ta ja mini kunne kada iska ta taɓa yarinyar, balle ruwa.

Gab da azahar muka ji harbi ta wajen garke. Ɗaya, sai biyu a jere. Ɓarayin shanu ne, da bindigogi irin na soja.

"Ku fito! Kowa ya kwanta!"

Na leƙa ta zana. A idona suka sassare maƙwabcinmu Tanko a bakin rumbunsa. Wuta ta kama jinka. Mijina yana gona. Wallahi ban tsaya tunani ba. Na ajiye ƙwarya, na goya Ladi, na keta zana, na faɗa daji.

Da la'asar ruwa ya ɓarke. Na ji suna koro shanun a bayana. Na gangara rafi, na laɓe ƙarƙashin gaɓa, ruwa iya wuyan Ladi. Sai tarin ya taso. Na toshe mata baki da tafina. Jikinta kamar garwashi, tana fisge-fisge. Ban saki ba sai da ƙarar kofato ta ɓace.

Washegari da hantsi na fito titi. Motar katako ta kai mu Birnin Gwari. Malamin asibiti ya daɗe yana sauraron bayanta. Ya ce huhun biyu sun kumbura, ƙyandar ba ta bar mata ƙarfin komai ba. Aka yi allurai. Kwana biyu ta yi, ta rasu.

Bayan sati na koma. An binne mutum shida. Gidaje duk toka, ɗakina kaɗai ke tsaye. Surukata a ciki ta ɓuya. Ta ce sun zo har ƙofa da wuta a hannu, suka ga ganyen, suka ja da baya.

Ƙwaryar kunun tana nan inda na ajiye ta.