Ranar da Na Miƙa wa Ɗiyar Fari Hannu

Ku matso kusa, ku ja tabarmar nan, in ba ku labarin ranar da na yi abin da uwa ba ta yi a garinmu.

Ni ba mai yawo ba ce. Iyakata kasuwar Tasawa, ita ma sai da dalili. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda aka yi mana ƙarƙashin itacen bedi. Amma kunnena ba ya barin magana ta wuce shi.

Ɗiyata ta fari, tun da aka yaye ta aka kai ta ɗakin uwata, can ta girma. Kun san al'adarmu: ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yabonsa, ba a zama da shi ana hira a gaban mutane. Ni "ɗiyar Inna" nake ce mata, ita kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗi. Lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke ta daga ƙauyenmu na wajen Bawdeta ta kai ta Tasawa, ta kai ta Maradi, har jami'ar Yamai, tana karatun likita.

Shekarar da damina ta ƙi, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, soja na riƙe da ƙasa, sai ta zo hutu da magana. Ba ni ta gaya wa ba. Inna ta gaya wa, amma da ƙarfi, don ta san ina bayan danga ina bakace. Wai jami'a ta buɗe wani bursu, wato tallafin karatu, za a zaɓi ɗalibai kaɗan a koya musu binciken cuta a laburatuwar, ɗakin gwajin jini. Mai nema sai ya faɗi abin da zai bincika da garin da zai yi aikin. Ita ta zaɓi ƙarancin jini ga masu ciki da masu goyo, don ta ga yadda haihuwa ke cin mata a shekarar yunwa. Gari kuma ta ce namu.

Inna ta ce, "Garinga? Ke da guga ma ba ki iya ja ba, jini za ki ja?"

"Tsohuwa, da ke zan fara."

"Ni nawa ya ƙare tun zamanin Nasara. Nemi na wasu."

Haɗa dosiye, wato takardun nema, ya ba ta wuya. Ta yi ta sintiri zuwa Tasawa neman sa hannun komanda mai mulkin yankin, wata rana a amalanke, wata rana a ƙasa, a ce komanda ya fita rangadi, ta komo gobe. Gobe ta koma. Ni abin da na iya shi ne in dama fura in bar ta bakin ɗakin Inna kamar mantuwa na yi. Daga baya ta tafi Yamai, malamai suka zaunar da ita suka yi ta tambaya, aka ɗauke ta. Amma da sharaɗi: bayan watannin koyo, sai ta kawo jinin daga garin da ta ambata. Wanda ya kasa, na bayansa ya hau gurbinsa.

Wata safiya cikin bazara sai ga farar mota. A ciki akwai ita, da wata madam malamarta, da akwatin ƙanƙara, da soja guda da komanda ya haɗa su da shi don ya taimaka. To a wancan lokacin, mota da soja abu ɗaya suke nufi wurinmu: rabon dawar taimako. Kafin mai gari ya buɗe baki, mata sun cika fili, kowa da ƙwaryarta, wasu da buhu. Ni ma na tafi da tawa, ban ɓoye muku ba. Na zauna can gefe, inda uwa ta kamata ta zauna.

Ɗiyar Inna ta miƙe ta yi bayani, ta nuna allura da 'yan ƙananan kwalabe. Sai taubashiyata, mai bakin da ba ya jin tsoron kowa, ta kifa ƙwaryarta a ka.

"Mun zo a zuba muna, ashe mu za a ɗiba! Yarinya, dubi hannun nan. Sauro ma in ya sauka haƙuri yake ba ni ya tashi."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗi ba. Wata daga baya ta ce ta ji ana sayar da jinin a ƙasar waje. Mata suka fara kaɗe zane.

Sojan ya juya wurin ɗiyar Inna, yana kiranta likita da bakin Faransanci, ya ce, "Lokotoro, bar ni da su. Yanzu za su yi layi."

Ta ce, "A'a. An koya mana, wadda ba ta yarda ba, ba a taɓa ta. Jinin tilas ba ya shiga aikinmu."

Madam ta duba akwati ta yi mata magana da Faransanci. Ban ji yaren ba, amma na ga ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin akwatin. Ƙanƙara na narkewa, kuma dole mota ta koma Maradi kafin ta ƙare.

Ɗiyar Inna ta sake bayani. Ta ce ɗan kaɗan ne, bai kai cokalin shayi ba. Ta ce wadda aka samu jininta ya yi ƙasa za a ba ta magani. Ba wadda ta motsa. Ni kuwa na san abin da suke jira, don na ji ana raɗa a bayana: in abin alheri ne, ina 'yan gidansu? Inna ta tsufa, ba a son nata. Ni ce ke goyon autana a lokacin.

Na ajiye ƙwarya, na gyara goyo, na ratsa filin nan. Ban taɓa sanin yana da faɗi haka ba. Na zauna kan benci gabanta, na naɗe hannun riga.

A hankali ta ce, "Yaya, ba dole ba ne."

Na ce wa madam, don ba zan iya ce mata ba, "Ki gaya wa ɗalibarki ta yi aikinta. Na san hannunta, ba ya cutarwa."

Taubashiyata ta rafka salati. "Jama'a, yau duniya ta tashi! Uwa na yabon ɗiyar fari a bainar jama'a! Ke, ina kika kai kunyarki?"

Na ce, "Fari ya cinye ta tare da geron. In kin isa, zo ki zauna nan."

Ɗiyar Inna ta kama hannuna. Rabon da fatarta ta taɓa tawa tun tana shan nono. Hannun nata sanyi, ga ƙarfi. Ta ɗaura roba, ta shafa auduga, ni ina kallon bedi. Kafin in ce wash ta gama.

Taubashiyata ta zo ta duba kwalbar da kyau, ta ce, "Wannan ne duk? Don wannan kika tsallake al'ada? Matsa, kada a ce kin fi ni." Ta zauna tana zagin allurar tun ba ta shiga ba. Bayanta wata mai ciki ta zo, sai wata. Ba duka suka yarda ba, wasu sun tafi da fushinsu, kuma ba wanda ya tare su. Amma akwatin ya samu abin da ya isa, mota ta tashi da sauran ƙanƙara a ciki.

Ɗiyar Inna ta riƙe gurbinta, ta gama koyon. Da maganin ya zo, sunana na cikin waɗanda jininsu ya yi ƙasa. Tsoffin gari kuwa sun daɗe ba su yafe mini ba. Wata ta daina aiko mini da goron biki har ta rasu.

To ku, da ku ne zaune gefen filin nan ƙanƙara na narkewa, da kun tashi ko da kun zauna?