Zuliha, Wadda Ta Riga Ni Hawa Lilo

Wanda ya ba mu aron Zuliha ya karɓi abinsa ranar Talata, goma ga watan Sha'aban, wato sha biyu ga Maris na wannan shekara ta 1957, a gidan mijinta Malam Nata'ala, nan cikin Gumel. Sanƙarau ne, kwana uku kacal ta yi a kwance. Ina Ɗanzomo wajen ƙanena labari ya iske ni, kafin in iso an riga an kai ta makwancinta. Ta bar miji, da 'ya'ya biyar, da mahaifiya tsohuwa.

'Yar kawuna ce, taubashiyata, tare muka tashi a tsakar gida ɗaya. Wata huɗu ta ba ni a haihuwa. Kuma ta rasu muna da shekara biyu da wata uku ba mu yi wa juna magana ba. Laifin nawa ne, ba nata ba. Na ɗauki alƙalami ne don in faɗi alherinta kamar yadda aka saba, in kuma faɗi abin da na yi mata, domin tun ranar da na ji rasuwar tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat: ta yafe mini kafin ta tafi, ko da abin a ranta ta cika?

Zuliha, zan yi miki magana kai tsaye, tun da yanzu ba ki da bakin katse ni.

Haushinki nake ji, har gobe. Ni na sauke Alƙur'ani a gaban mahaifina, na bi littattafan fiƙihu ɗaya bayan ɗaya, na koyi boko da girmana, yau ni ke koya wa matan aure karatu da rubutu a unguwarmu. Ke ko sunanki ba ki iya rubutawa. Amma a zaman makokinki tabarmi sun ƙare, sai da aka aro daga gida huɗu. Mata sun zo daga Gagarawa, sun zo daga Maigatari, wata tsohuwa ta tako da ƙafa tun daga Sule Tankarkar don kawai kin taɓa jinyar 'yarta. Na zauna a gefe ina kallonsu, ina tambayar kaina su wa za su zo nawa. Ni tsorona ake ji. Ke sonki ake yi. Na san bambancin tun muna yara, kuma bai taɓa daina yi mini ciwo ba.

Ba ki fi ni komai ba sai saurin tashi. Duk inda ake bukatar mutum, ke ce ta fari. Lokacin da na haifi ɗana na biyu, uwata ba ta da rai, ke kika ɗauki wankan jegona. Kwana arba'in cur, kafin in buɗe ido kin hura wuta, ruwa ya tafasa, kin dama kunun kanwa, kina tsaye a kaina da ganye a hannu. Ko sau ɗaya ba ki makara ba, ni kuwa ko sau ɗaya ban gode miki yadda ya kamata ba, sai mita nake yi ruwan ya cika zafi. Makauniyar nan Asama'u ta bayan masallaci, shekara nawa kina cika mata randa kafin ki cika taki? Ba wanda ya sani sai da kika kwanta ciwo randar ta bushe. 'Ya'yana ma, in sun faɗi sun kurje gwiwa, wuce ɗakina suke yi da gudu su nufi gidanki. Na sha cewa don kina ba su ƙuli-ƙuli ne. Ba don shi ba ne.

To, ga abin da ya raba mu. Waɗanda suke Gumel a ƙarshen 1954 za su tuna nunin amfanin gona da aka yi bayan kakar gyaɗa, a filin bayan gari da aka kewaye da zana. An kawo bijimai, da garmar shanu, da dammunan gero na gasa. An kawo garmaho mai waƙa, da wani madubi da ke mai da doguwar mace kamar tulu. Amma abin da ya tayar da garin shi ne lilon wani mutumin Damagaram mai suna Cindo, wanda ya shigo da shi a mota ta Maigatari. Wata ƙatuwar ƙafa ce ta katako a tsaye, ta ninka soron gida biyu a tsawo, an rataya mata akwatuna huɗu, kowanne yana cin mutum biyu. Ƙarti suna tura ta da hannu, ta ɗaga mutum sama ta sauko da shi.

Kwana uku aka yi nunin, duk na maza ne. Matan aure abin da dattawan gari suka yanka mana shi ne safiyar ranar farko, daga idar da sallar asuba zuwa hantsi. Da an buga kuge mu fita, maza su shiga. Ƙartin lilon ma an gargaɗe su su riƙa kallon ƙasa. Da ƙyar Malam Nata'ala ya yarda ki je, shi ma don an ce masa tare da ni za ki.

Ana gobe za a buɗe, da la'asar, kika leƙo gidana.

"Malama, ki kwana da shirinki. Da an sallame sallah ina zaurenku."

Na ce, "Lilon ƙafa gare shi da zai gudu?"

Na zauna na yi miki bayani dalla-dalla, kamar ina gaban ɗalibai. Na ce wadda ta yi sammako tsayuwa za ta yi a bakin ƙofa, wadda ta makara tsayuwa za ta yi a layi, duk tsayuwa ce, sai dai ta farkon da sanyi da yunwa. Na ce rububi aikin marasa tunani ne. Na ce mace mai daraja ba ta fita gari bai waye ba kamar mai tallan koko.

Kika saurare ni har na gama, sannan kika ce, "Ni dai ban yi karatu ba, taubashiya. Amma na ji an ce mazauni takwas ne, matan Gumel kuwa sun fi takwas."

Washegari kika zo kamar yadda kika faɗa. Ina jin tarinki a zaure. Ni kuwa na sa kwalli na goge na sake sawa, na canza zane sau uku, na zauna na sha koko a hankali, da gangan, don in nuna miki maganata ce daidai. Sau uku kika kira ni. A na ukun kika ce, "Rakiyya, gari fa yana wayewa." Na ce, "Yi gaba, a sama zan same ki." Sai kika tafi da Hajaratu, matar mahaucin nan maƙwabciyarki, wadda ba ta haɗa komai da ke ba sai katanga.

Lokacin da na isa, layin ya miƙe daga gindin lilon har bakin tsamiyar ƙofa. Na bi baya na tsaya. Da na ɗaga kai, sai ga ki can ƙoli, Hajaratu tana zaune inda ya kamata in zauna ta ƙanƙame miki hannu. Ɗankwalinki ya zame ya sauka a kafaɗa, kina dariya baki buɗe, kina nuna mata wani abu da yatsa can nesa. Shekara arba'in na san ki, ban taɓa ganin wannan dariyar a fuskarki ba, kuma ba da ni kika yi ta ba. Daga baya na ji sau uku kuka hau, domin da kuka zo ba kowa, Cindo ma roƙon mata yake yi su gwada.

Saura mata shida a gabana aka buga kuge. Na yi wa Cindo magana da Hausa, na yi masa da fushi, har aya na jawo masa a kan adalci. Ya ce, "Uwargida, ni baƙo ne, abin da aka ce shi nake yi. Sai baɗi in Allah ya kai mu." Bai sake dawowa ba.

A hanyar gida bakinki bai rufu ba. Kin ga Gumel gaba ɗaya kamar a faifai. Kin ga barkono da kuɓewa a shanye a kan soraye. Kin ga hanyar Maigatari ta zama siririya kamar zare, da raƙuma a kanta kamar tururuwa. Kika ce, "Har cikin gidanki na gani, Malama. Akuyarki tana cin tsakin da kika shanya." Ni da na karanta labarin Masar da Bagadaza da tekun da ba a ganin gaɓarsa, ban taɓa ganin rufin ɗakina daga sama ba. Na ce ki rufe mini baki. Kika ɗauka wasa ne.

Bayan mako guda aka yi suna a gidan danginmu, ɗaki cike da mata, Iya mahaifiyar Malam Nata'ala tana zaune a kan gado. Kowa ya san tsakanin taubasai ba a riƙe magana. Taubashiya za ta ce miki mummuna, ta ce miki baiwarta, a yi dariya a tashi. Da wannan rigar na fake. Na ɗaga murya na ce, "Iya, ki tambayi surukarki inda ta jefar da ɗankwali ranar lilo. Samarin da suka hau bishiya a bayan zana sun riga Malam ganin sabon kitsonta."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Iya ba ta yi ba. Ke kuma kika dube ni kika ce a hankali, "Wannan ba wasa ba ne, Rakiyya." Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Malam Nata'ala, kai nake yi wa magana yanzu, da girmanka. Ban ga saurayi ko ɗaya a kan bishiya ba. Ba wanda ya gani, domin babu su. Ni na ƙirƙire su a wannan ɗakin saboda baƙin cikin ta hau ni ban hau ba. Kai mai ɗalibai ne, mai suna a gari, ka ji magana daga bakin mahaifiyarka ka yi abin da ka ga ya dace: ka hana ta fita. Ba suna, ba biki, ba dubiya. Matar da ta saba riga kowa isa duk gidan da ake kuka ko ake guɗa, ta koma aika yara da kwano. Randar Asama'u ma 'yarku take turawa ta cika. Ba ta kai ƙarata wajen kowa ba. Ni kuwa na san jimla ɗaya daga bakina za ta buɗe mata ƙofa. Kullum sai in ce bari a sha ruwa, bari a yi Sallah, bari damina ta wuce. Matarka ba ta taɓa zubar maka da mutunci ba. Duk wadda ta yi dariya a ɗakin nan, in an karanta mata wannan, ta sani.

Mata a ajina sun sha tambayata, da aka fara raɗe-raɗin za a sake yin nuni, ko sammakon ya cancanci wahalarsa. Da, kawar da zancen nake yi. Yau ga amsa: ya cancanta. Ku tashi, ku sha sanyin, ku bar kokon. Lissafina na tsayuwa da tsayuwa daidai ne a baki, abin da na manta shi ne akwai mai riƙe da kuge, kuma ba ya shawara da kowa. Zuliha ta fi ni gaskiya, ga shi na rubuta da hannuna.

Ranar sadakar uku na yi abin da ya fi komai yi mini nauyi. Zuliha, Hajaratu ce ta zauna da ke a kwana ukun jinyarki, ita ta ɗiga miki ruwa a baki, ita ta yi miki wanka, aikin da ni na san hukuncinsa tun ina 'yar shekara goma sha biyu. Na same ta a madafa tana kwashe tuwo, na tsuguna a gabanta.

Na ce, "Hajaratu, ta ambace ni?"

Ta ci gaba da kwasa. Can ta ce, "Ta ce a shaida ta yafe wa duk wanda ya taɓa yi mata laifi."

"Da suna fa?"

"Ba ta kira sunan kowa ba, Malama. Wuya ya riƙe, wannan ɗin ma da ƙyar ta fita."

Duk wanda ya taɓa yi mata laifi. Zuliha, a dami ɗaya kika ɗaure ni da wanda ya sace miki kaza, da wadda ta ari turminki ta mayar da shi a tsage. Ni da muka sha nono a ɗaki ɗaya. Da kin ce ba ki yafe wa Rakiyya ba, da na san ina ranki har ƙarshe. Na koma gida na buɗe littattafai, na tarar yafiya irin wannan ta wadatar, ta shafe ni kamar yadda ta shafi kowa. A wajen Allah ke nan, ina kyautata zato. A wajena kuwa, na karɓa ne kamar yadda wadda ta zo a makare take karɓar ƙanzo: ba shi na so ba, amma ba ni da bakin raina shi.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Zuliha 'yar Muntaka ta zo maka. Ka jiƙan ta, ka yalwata mata kabarinta fiye da ɗakin da harshena ya kulle ta a ciki. Ka sanya ruwan da ta ɗebo wa makauniya, da wutar da ta hura wa masu jego, su zame mata sanyi da haske. Ka ɗaukaka ta cikin Aljanna inda za ta ga abin da ido bai taɓa gani ba. Wannan karon ba zan yi mata baƙin ciki ba, ko in ce ina roƙonka ka cire mini shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo, mahaifiyarta, da Malam Nata'ala, da Iya, da 'ya'yanta Sallau da Ummu da ƙannensu, da Hajaratu, wadda ta tsaya a inda ya kamata in tsaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari.

Ita ta tafi, amma shekara biyun da na ɗauke mata ku ma na ɗauke muku. Ranar sadakar arba'in zan zo zaurenku, Malam, in maimaita abin da na rubuta a gaban duk wanda ka ga dama ka tara. In kun ga za ku iya yafe mini, kada ku ce kun yafe wa kowa da kowa. Ku kira sunana.

Rakiyya Ladan,
Gumel.