Ranar da Hajiya Yagana ta karɓi sitiyari

Jiya na maƙale a wani lungu a Gwale. Ga masu jana'iza sun taho ɗauke da makara, ga kwata a dama, katanga a hagu. Dole in koma da baya.

Motata ƙarama ce, amma kana taɓa totur sai ta zabura. Kullum da ita nake kai yara makaranta, amma jiya ta gagare ni. Sau biyu motar tana mutuwa.

Yayar mahaifiyata, Hajiya Yagana, wadda na ɗauko daga asibiti, ta ajiye carbinta.

"Sauka, Bukar. Ba a tsayar da gawa."

"Hajiya, motar nan fa zafi gare ta!"

"Ta fi a-kori-kurar mijina Alhaji? Da idonsa ya yi rauni, ni nake kai shi Dawanau, tun ba a haife ka ba."

Tsohuwa mai shekara saba'in ta karɓi sitiyari, ta gyara mayafi, ta sa ribas. Tiryan-tiryan har bakin titi, ko madubi bai gogi bango ba. Makara ta wuce muna addu'a.

Har gida ita ta tuƙa mu, ni kuwa baki buɗe.

Jama'a, ashe manyanmu sai mun tambaya. Ku wane ne ya taɓa ba ku mamaki haka?