Ranar da Na Wanke Kaset ɗin Malam

Shekarun baya, can cikin shekarun saba'in, ina aji ɗaya na sakandare muna zaune a Unguwar Dosa, malaminmu na Turanci ya shigo aji da rakoda. Ya ce zamani ya zo, daga yau kowa zai yi karatu a gabanta ta ɗauki muryarsa. Sauran yara suka hau murna. Ni kuwa ban yi murna ba, domin ina da i'ina, shi ya sa ma na fi son littafi da mutane.

Da layi ya zo kaina, na yi ta tuntuɓe a kan kalma ɗaya. Malam bai gyara mini ba, ya dai zuba wa kaset ido yana juyawa. A makarantar allon kakana, kana kuskure ake tare ka, maganar ta ƙare a nan. Wannan abu kuwa ya haɗiye kuskurena ya ajiye. Wa zai kai wa?

Wani abokina ya ce, "Ba ka sani ba? Ma'aikatar ilimi ake kaiwa. Duk wanda harshensa ya sarƙe, Rigachikun za a tura shi noman gero."

Na san tsokana ce, amma na fara sa ido. Akwai 'yan lambobi a jikin rakodar masu juyawa in tana aiki, na rubuta inda tawa muryar ta fara a bayan littafina. Ranar Litinin na ga an koma daidai wajen. Wato wani ya saurare ni a ƙarshen mako. Sannan Malam ya ce sufeton makarantu na tafe ranar Alhamis. Na tabbata kujerata a ajin nan ta tafi.

Na tambayi kakana ko muryar da aka kama tana fita. Ya ce, "Ɗan nan, ni allo na sani. In rubutu ya ɓaci, wankewa ake yi."

Ranar Laraba da aka fita hutun tara, na maƙale a aji. Na mayar da kaset kan lambata, na danna jan maɓallin da na ga Malam yana dannawa, na tsaya ina gadin ƙofa har na ga ya isa.

Washegari, gaban sufeto, Malam ya kunna. Muryata ta goge, ta tafi da ta mutum shida da ke bayana. Sai ƙarar takalmi, sai numfashi, sai wani ya ce tar, ba gargada ko ɗaya: "Alhamdu lillahi, na wanke. Yanzu sai su kai wa wanda za su kai wa."

Ban san jan maɓallin yana gogewa yana kuma ɗauka ba.

Aji ya fashe da dariya. Malam ya juyo gare ni ya ce, "Ashe in ba kowa a gabanka, bakinka lafiya lau." Ya ba ni sharar aji ta mako guda. Daga nan kullum da tara yakan bar ni da rakodar ni kaɗai in yi karatu in saurari kaina. A haka harshena ya warware, a ajin kuma na gama shekarar.

Na ci moriyarta, ban musa ba. Amma har yau ba wanda ya gaya mini wanda ya saurari muryata a wancan ƙarshen mako. Shi ya sa in jikokina suka miƙo waya suka ce in yi magana, sai na fara tambaya: wa zai ji?