Garwashi a Bayan Rigar Saƙi

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya tona ni: ni ne telan da ya bar dutsen guga a buɗe, da garwashi jawur a ciki, ya fita kallon ragon da ya tsinke igiya a kasuwar Kontagora. Ba yaro ba ne ni a lokacin, gemuna har ya fara furfura. Wannan rana ba za ta taɓa fita daga raina ba, kuma ba don ɓarnar da na yi ba, ɓarna kam na saba da ita. Abin da idona ya gani bayan ɓarnar shi ne ya zauna mini.

Wani tsoho ne manomi daga wajen Rijau ya kawo mini saƙi, irin mai baƙi da fari kamar jikin zabo, a naɗe cikin buhu. Ya ce yayansa ne ya saƙa, kuma shi ne na ƙarshe da ya sauke kafin ya rasu. Shekaru yana ajiye da shi a akwati, yanzu yana so a ɗinka masa riga ya sa ranar godiyar kaka a cocinsu. "Malam tela," in ji shi, "babu wani bayan wannan." Na bugi ƙirji na ce Baba, je ka kwantar da hankalinka, ka dawo ranar kasuwa mai zuwa.

Na ɗinka kuwa, ta yi kyau daidai gwargwadona. Na shimfiɗa ta a tebur zan goge, na buɗe dutsen ina fifita gawayi, sai ihu ya tashi a waje. Rago ne ya ƙwace wa mahauci yana bin mutane. Ni da ko aji uku ban gama ba amma na ƙware a shiga abin da bai shafe ni ba, na tsaya bakin shago ina zuga ragon. Da na dawo, ƙauri ne ya tare ni. Iska ta ɗauki garwashi ɗaya ta ajiye a gadon bayan rigar, ya ci rami wanda babban yatsana ke wucewa a sake.

Dabarar farko da ta zo mini ita ce in ɗora aljihu a wurin. Sai na tuna ban taɓa ganin mutum da aljihu a tsakiyar baya ba. Ta biyu ita ce in sayo yadi mai kama da shi in yi faci, in yi shiru. Da wannan niyya na naɗe rigar na nufi shagon da nake sayen zare.

Shagon na wata dattijuwa ne Banufiya, ɗan ƙarami ne, mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Zare kala-kala a jere har rufi, maɓallai a kwalabe, allurai, alli, almakasai a rataye, ga kuma guntayen yadi da take tarawa a kwando, waɗanda saboda su nake kiran wurin kantin tsumma. Kakana Bakatsine ne, don haka tsakanina da ita sai tsiyar taubasai. Shekara da shekaru ina shiga, ban taɓa ɗaukarta komai ba illa mai miƙo mini zare.

"Bakatsine, yau wa ya mutu?" ta ce da ta ga fuskata.

Na ce Hajiya, yadi nake nema mai zanen zabo. Ta miƙo hannu ta karɓi rigar ba tare da na ba ta ba, ta warware, ta ga ramin. Sannan ta murza gefen saƙin tsakanin yatsu biyu ta ce, "Zaren nan da hannu aka kaɗa shi. Kana so ka liƙa masa na inji, ka mayar wa mai shi. To ba a shagona ba. Ina guntun da ka yanke a wuya?"

Allah ya taimake ni ban share shago ba ranar, kamar yadda ba na sharewa kullum. Na koma da gudu na tono shi a ƙarƙashin keken ɗinki.

Abin da ta yi daga nan, ni dai zama na yi a kan benci ina kallo kamar wanda aka kai Makka ba shiri. Ta ɗauko ƙaramar ƙwarya ta ɗaure bayan rigar a bakin ƙwaryar, ramin ya tsaya a tsakiya. Ta sa ɗan almakashi kamar na yanke farce ta tsince duk bakin da ya ƙone. Sai ta ɗauki guntun nan ta fara zare zarensa ɗaya bayan ɗaya, baƙi gefe, fari gefe, tana jera su a cinyarta. Ta buɗe wani tsohon gwangwani ta zaɓi allura siririya, ta gyara tabarau, ta fara mayar da zaren tsaye, kowane ɗaya daga inda ɗan'uwansa ya yanke zuwa inda ya ci gaba. Da ta gama su ta shiga na kwance, sama da ƙasa, sama da ƙasa, leɓenta na motsi tana ƙirge. Ba faci take yi ba, saƙar mamacin take ci gaba da ita.

Masu sayen maɓalli suna zuwa, ta nuna musu kwalba da haɓa. Na buɗe baki zan yi wata tsiyar, ta ce, "In ka ɓatar mini da lissafi, kai zan ɗinke." Kwana biyu muka yi haka, daga hantsi zuwa la'asar. Ranar ta biyu ta kwance ƙwaryar, ta yayyafa ruwa, ta danna da tafin hannu, ta jefo mini rigar ta ce in nuna mata wurin. Na fita rana na juya, na ɗaga, na sa hanci. Ni da na ƙona, ban gane ba.

Tsohon ya zo ranar kasuwa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi niyyar yin shiru. Ya shimfiɗa rigar a gwiwarsa yana shafa ta a hankali, layi bayan layi, kamar mai gaisawa. Da hannunsa ya kai gadon baya sai ya tsaya. Ya koma, ya sake shafawa.

"Nan ba yayana ba ne," ya ce. "Shi idan ya gaji yakan saki hannu. Nan babu gajiya." Ya ɗago ya dubi ɗinkina na gefe, ya dube ni. "Kuma ba kai ba ne."

Sai na zayyana masa komai, har ragon. Na jira zagi, bai zo ba. Ya ce in kai shi wurinta. A bakin shagon ya cire hularsa ya ce, "Mama, Allah ya saka miki. Kin san hannunsa, ko da ba ki san shi ba." Ita kuwa ta ce ba komai, Baba, a dai riƙa zaɓen tela.

Tun daga ranar na gane mutum zai iya tsufa a gefen gwani bai sani ba, idan bakinsa ya fi idonsa aiki. Na daina cewa kantin tsumma, kuma duk wanda ya miƙo mini allura yanzu sai na dubi yatsunsa.

Muna komawa, tsohon rungume da rigarsa, ya tambaye ni shekara nawa nake sayen zare a wurinta. Na ce sun fi ashirin. Ya yi 'yan taku yana jinjina kai, sannan ya ce, "Duk shekarun nan, zare kawai kake ɗaukowa?"